Yadda Mai Ƙullutu a Huhu Zai Tsara Abincinsa

Galibi ba ƙullutun aka je nema ba. Tari ne ya daɗe, ko ciwon ƙirji, ko ma haɗarin mota ya sa aka ɗauki hoto, sai likita ya nuna wani ɗan fari a jikin huhu. Muddin bai wuce santimita 3 ba, shi ne ake kira ƙullutu, kuma girmansa kan kama daga kamar ƙwayar dawa zuwa ƙaramin goro. Mafi yawansu ba ciwon daji ba ne. Sau da yawa tabo ne da wata tsohuwar cuta ta bari, musamman tarin fuka, wato tibi, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu fama da shi.

Da an dawo gida sai a fara tambayar abin da za a ci ya narkar da shi. Babu wannan abincin. Ba tafarnuwa ba, ba zuma da habbatussauda ba, ba jiƙon da ake tallarsa a WhatsApp ba. Aikin abinci shi ne ya riƙe maka jiki da ƙarfi a watannin da ake sa ido, ko magani, ko tiyata in ta kama.

Mataki na 1: San abin da likita ya rubuta

Kafin ka canza ko da cokali ɗaya, tambayi girman ƙullutun a milimita da ranar da za a sake hoton siti-sikan, wato hoton na'urar da ke nuna cikin huhu dalla-dalla. A ƙa'idar da likitoci da yawa ke bi, wanda bai kai milimita 6 ba a jikin wanda ba mashayin taba ba sau da yawa ba ya bukatar bibiya. Daga 6 zuwa 8 akan sake hoto bayan wata 6 zuwa 12. Wanda ya haura 8 kuma ana duba shi da wuri, ko a ɗebo ɗan tsokarsa a gwada. Idan kana tari, nemi gwajin kaki na GeneXpert mai gano tarin fuka; kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Abin da ya jawo ƙullutun shi zai nuna abin da za ka ƙara a kwano da abin da za ka rage.

Mataki na 2: Hau ma'auni

Sau biyu a wata ya isa, a kan ma'auni ɗaya, ka rubuta. Mai kilo 60 da ya zubar da kilo 3 cikin wata 6 ba tare da ya yi niyya ba, likita zai koma wa, ba kasuwa ba.

Mataki na 3: Gyara kwanon

Matsalar kwanonmu ita ce tuwo ya cinye wuri, miya kuma ta zama ta shafawa. Ba sai an bar tuwo ba. A rage malmala, a fi karkata ga gero da dawa da acha da shinkafar da ba a goge ta fari tas ba, sannan a cike gurbin da abubuwa biyu.

Na farko abinci mai gina jiki, a kowane zama: wake, alale, ƙosai, ƙwai, kifi, awara, gyaɗa, kaza idan ta samu. Numfashi aikin tsoka ne, kuma mai jinya tsokar yake fara rasawa. Nama ya yi tsada, gaskiya ne, amma garau-garau da wake ya rinjayi shinkafa, ko kunun gyaɗa mai kauri da dafaffen ƙwai da safe, suna yin aikin. Gyaɗa da masara dai a tsince su, a zubar da masu fumfuna ko ɗaci, domin gubar da ke cikinsu tana illata hanta, ita kuwa hanta ita ce za ta ɗauki nauyin magani.

Na biyu ganye da 'ya'yan itace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 a rana, wato kamar cikin tafi biyar. Wannan bai fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi ba idan aka bi na lokaci: kwaɗon zogale ko rama da rana, miyar taushe mai kabewa da alayyafo da dare, gwanda ko gwaiba ko lemo a tsakani. A zuba ganye a ƙarshen girki, kada a dafe shi har ya koma baƙi, kuma a yi hankali da kanwa, don tana lalata wasu bitamin ɗin.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙule yana cikin lissafin. Daddawa da albasa da citta sun isa su tayar da miya. Zoɓo da kunun aya ba su da laifi, sukarin da ake jibga musu ne laifin.

Wanda haki ke hana shi ci, ko cikinsa ke saurin cika, ya raba abincin gida biyar ko shida ƙanana. Cikin da ya cika dam yana tokare huhu daga ƙasa. A sha ruwa a tsakanin abinci, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke daskarar da kaki.

Mataki na 4: Tafasa nono

Shanu ma suna da nasu tarin fuka, kuma ƙwayar tana shiga mutum ta ɗanyar madara. Fura da nono abinci ne mai kyau ga mai rama, amma a tabbatar an tafasa madarar kafin ta kwana ta zama kindirmo.

Mataki na 5: Kada ka saya wa kanka ƙwayoyin bitamin

A nan ne mutane ke cutar da kansu da kuɗinsu. A 1994 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Finland kan maza mashaya sigari kusan 29,000: waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin sun fi sauran kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin 100. Wani binciken a Amurka dole aka tsayar da shi a 1996 saboda irin wannan sakamakon. Sinadarin nan shi ne ke cikin karas da manja da mangwaro, kuma cin su ba shi da wannan haɗarin; ƙwayar ce matsalar. Haka nan wanda aka ce ƙullutunsa na cutar sakoyidosis ne, wadda ke haddasa ƙananan kumburi a huhu da wasu sassan jiki, kada ya sha bitamin D ko kalsiyom sai da izinin likita. Idan kuma an sa ranar ɗibar tsoka, faɗi duk abin da kake sha, har da asfirin da jiƙe-jiƙe, don wasu suna hana jini tsayawa.

Mataki na 6: Idan tibi ne, bi agogon magani

Maganin galibi na wata 6 ne ko fiye. Ana shan sa da cikin da babu komai, a jira kamar awa ɗaya kafin karin kumallo. Fitsari zai yi ja-ja, aikin rifamfisin ne, ɗaya daga cikin magungunan, ba jini ba. Akan haɗa da bitamin B6 don kare jijiyoyin ƙafa daga jin zafi da mutuwar jiki. Giya babu ita kwata-kwata. Idan azumi ya riske ka, a zauna da ma'aikacin lafiya a tsara lokacin sha, kada a tsallake. Ido ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti a ranar.

Mataki na 7: Duba murhun

Me za a ce da miyar zogalen da aka dafa a rufaffen ɗaki da ɗanyen itace? Uwargida da yaron da ke goye su ne ke shaƙar hayaƙin awa da awanni. A fitar da murhu fili, a yi amfani da busasshen itace, a daina hura wuta da leda, in da hali a koma gas. Sigari da shisha kuwa, barinsu ya fi duk abin da aka lissafa a sama amfani ga huhu.

Jini a kaki, gumin dare, zazzaɓin da ya ƙi sauka, ko muryar da ta dishe makonni, ba a jira ranar hoto da su. A je gobe da safe, a tafi da tsohon hoton domin a gwada shi da sabo.