Yadda Za a Hana Batirin Mota Mutuwa Idan Za Ta Daɗe a Ajiye

Mai mota yakan yi tafiyar makonni uku ko huɗu, ya dawo ya danna rimot, ƙofa ta ƙi buɗewa, ko kuma ta buɗe amma ya murza makulli ya ji ƙas-ƙas kawai, inji bai tashi ba. Abin da ya fi saurin zuwa masa a rai shi ne an sayar masa da batir marar kyau, alhali sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau, motar ce ta yi ta shan wutarsa kaɗan-kaɗan tun ranar da aka ajiye ta. Batirin dalma da asid tsohuwar fasaha ce, domin Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi tun 1859, amma motar da yake ɗauke da nauyinta a yau cike take da ƙananan kwamfutoci waɗanda ba sa kashewa gaba ɗaya. Na'urar ƙararrawar ɓarayi tana gadi, mai karɓar saƙon rimot tana sauraro, agogo da ƙwaƙwalwar rediyo suna riƙe da abin da aka saita, a wasu motocin kuma akwai na'urar da ke magana da manhajar waya ta intanet.

Yana da kyau mutum ya yi lissafin da kansa, domin shi ne zai nuna masa kwana nawa yake da su. A jikin batir akwai lamba mai ɗauke da haruffan Ah, wadda ke nuna yawan wutar da yake iya riƙewa, kuma a yawancin ƙananan motoci takan kama daga 45 zuwa 70. Mota mai lafiya, bayan kwamfutocinta sun yi barci, takan ja tsakanin miliamfiya 20 zuwa 50 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya, jan amfiya ɗaya na awa guda kuma shi ne 1 Ah). Idan tana jan 50, to a yini guda ta cinye 1.2 Ah, a wata guda kuma 36 Ah, wato fiye da rabin batiri mai 60 Ah, ko da kuwa an ajiye shi a cike. Ƙari a kan haka, batir yakan rasa wani abu na cajinsa da kansa ko ba a jona shi da komai ba, kuma zafi yana hanzarta wannan asarar. Shi ya sa sabon batir a cike kan jure wata guda ko fiye, amma wanda ya shekara uku, aka kuma ajiye shi bayan ɗan gajeren zagaye, yana iya kasawa cikin makonni biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne illar da ba a gani. Idan batir ya zauna a sauke, sinadarin da ke taruwa a kan farantan dalmar da ke cikinsa yakan daskare ya yi tauri, caji ya kasa narkar da shi, sai ƙarfin batirin ya ragu har abada. Saboda haka batirin da ya mutu murus sau biyu ko uku, ko an tashe shi, ba zai koma yadda yake ba.

Kafin a ajiye motar, a fara da auna batirin da mitar gwajin lantarki bayan motar ta huta na sa'o'i da yawa, an fi so da safe kafin a tayar da ita. Bolt 12.6 ko sama da haka yana nufin a cike yake, 12.4 yana nufin kusan kashi uku cikin huɗu ne ya rage, 12.2 kuwa rabi ne, kuma bai kamata a bar mota a wannan hali ba. A yi masa cikakken caji da caja, a goge farin gishirin da ke taruwa a kan batir, a ɗaure shi tamau. Sannan a cire duk abin da aka ƙara wa motar daga baya: kyamarar da ke ɗaukar hoto ko mota na tsaye, cajar waya, da duk wata na'ura da aka soke a ramin gwaji na OBD da ke ƙasan sitiyari. Wannan rami, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, yana da wuta a ko da yaushe, ko an zare makulli. A duba fitilar but da ta akwatin gaban fasinja, domin ƙwai ɗaya mai wat 5 yana cin kusan 10 Ah a yini, ya isa ya kashe batir cikin 'yan kwanaki. A kulle motar da rimot yadda ya kamata, domin wasu motocin ba sa yin cikakken barci sai an kulle su. Idan irin motar da ake buɗewa ba tare da an soka makulli ba ce, a ajiye rimot ɗin nesa da ita, kada su riƙa tashin juna.

Idan akwai wutar lantarki kusa da inda motar take, mafita mafi kyau ita ce caja mai lura da batir, wadda ke cika shi, ta tsaya, ta sake ƙara masa idan ya sauka. Irin wannan ana iya barinta a jone na watanni, saɓanin tsohuwar caja mai tura wuta babu tsayawa, wadda ke ƙafar da ruwan batir. A tabbata cajar ta dace da irin batirin, domin motocin da ke kashe inji da kansu a tsayawar danja suna amfani da batir na musamman da ake kira AGM ko EFB. Akwai wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi: a motocin zamani akan ɗora na'urar auna caji a kan batir na baƙar waya, don haka a maƙala bakin cajar mai baƙar waya a ƙarfen jikin mota ko wurin da littafin motar ya nuna, don kwamfuta ta san wutar da ta shiga. Inda babu lantarki, ƙaramin faifan sola mai na'urar daidaita caji yana taimakawa, sai dai a jona shi kai tsaye da batir, tunda ramin kunna taba na motoci da yawa yakan mutu da zarar an kashe mota.

Hanya ta biyu ita ce cire kan batir. A kashe komai, a dakata 'yan mintuna, a kwance baƙar waya mai alamar ragi da farko, a kauce da ita inda ba za ta taɓa kan batir ba. Idan za a mayar, ita ce ta ƙarshe. Dalili shi ne idan aka fara da jar waya, sifana ta taɓa jikin mota, za a yi mummunan tartsatsi. Amma a sani ƙararrawar ɓarayi za ta daina aiki, agogo da saitin gilasan tagogi za su goge, wasu rediyoyin kuma sai an sa musu lambar sirri. Kafin a rufe ƙofa a gwada ƙaramin makullin ƙarfe da ke ɓoye cikin rimot, musamman idan batirin a but yake, kada mutum ya kulle kansa a waje.

Al'adar tayar da mota ta yi silo na minti biyar ko goma duk bayan kwana biyu ba na goyon bayanta. Kik yana zuƙar wuta mai yawa a lokaci guda, buɗe ƙofa yana tashin kwamfutocin motar duka, altaneta kuwa, wato na'urar da ke cajin batir idan inji yana aiki, ba ta iya mayar da abin da aka yi asara a cikin ɗan wannan lokaci, ga kuma inji bai yi zafin da zai ƙone raɓar da ta taru a cikinsa ba. In dai akwai wanda zai kula da motar, gara ya tuƙa ta na minti talatin ko fiye, sau ɗaya a mako ko mako biyu. Kada kuma a taɓa barin inji yana aiki a rufaffen gareji, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kuma kisa.

Idan lafiyayyen batir yana mutuwa cikin kwana biyu ko uku, to akwai abin da ke satar wuta, kuma ana iya gano shi. A sa mita a ma'aunin amfiya 10, a jona ta tsakanin kan batir na ragi da wayarsa da aka cire, a danne makullin ƙofa da na bonet yadda motar za ta ɗauka a rufe suke, sannan a jira, domin barcin kwamfutocin yakan ɗauki daga minti goma har zuwa kusan awa guda. Kada a kuskura a tayar da inji mita tana jone. Idan lambar ta tsaya sama da miliamfiya 50 da nisa, sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ya sa ta faɗi. Masu rewaya da suka ƙware sun fi son auna ɗan bambancin wutar da ke tsakanin kawunan fis biyu ba tare da sun zare shi ba, don kada motar ta farka. Idan an gama da fis duka ba a samu komai ba, a duba altaneta, domin idan wani abu ya ƙone a cikinta takan bar wuta ta riƙa komawa baya.

Motoci masu haɗa fetur da lantarki, har da masu lantarki zalla, su ma suna da ƙaramin batir mai bolt 12, kuma shi ne ke kunna kwamfutar da ke buɗe wa babban batir hanya, don haka idan ya mutu motar ba ta motsi ko babban a cike yake. Mai haɗa fetur da lantarki ana kunna ta har alamar READY ta fito, a bar ta a giyar P a sarari na kimanin awa guda a mako. Mai lantarki zalla kuwa a kashe mata tsarin gadi na kyamarori, a daina yawan leƙa ta a manhajar waya tunda kowace leƙawa tana tashinta, a kuma bar babban batirin a matsakaicin caji bisa adadin da littafin motar ya faɗa.