Hedfon mai kashe hayaniya na ƙaramin kuɗi: kurakuran da aka fi yi

Wlh yana damuna in ga mutum ya tara ƴan kuɗinsa ya sayi hedfon ko iyafis mai kashe hayaniya, kwana biyu ya fara cewa an cuce shi, alhali sau da yawa kayan lafiyarsa ƙalau, ko dai tun a shago aka ɗauko wanda ba shi ake nema ba ko kuma ba a iya sa shi ba.

Fara da kwalin. ANC daban, ENC daban, harafi ɗaya ne ya raba su amma aikinsu ba ɗaya ba: ANC shi ne mai rage maka hayaniyar waje a kunnenka. ENC wanda kuke waya da shi yake wa aiki, yana tace muryarka don ya ji ka tas, kai kuwa a kunnenka ba abin da zai ragu. Da yawa cikin masu arha ENC kawai gare su, mai shago ya ce maka ai yana kashe ƙara, kai kuma ka biya. In ba ka ga ANC a rubuce ba to ajiye musu kayansu.

Sai kuma dogon buri. Yadda ANC yake aiki, akwai ƙananan makirufo a jikin hedfon ɗin da suke ɗaukar ƙarar waje, sai ya fitar da wata ƙara kishiyarta su haɗu su kashe juna, kuma wannan dabarar ta fi cin ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, irin gurnanin janareton maƙwabta, rugugin injin mota in kun ɗau doguwar hanya, fanka, AC, jirgin sama. A nan kam ko na ƙaramin kuɗi yana ƙoƙari sosai, za ka ji kanka ya huta. Amma hon ɗin adaidaita, kukan jariri, hirar majalisa, waɗannan ko Sony da Bose masu shegen tsada ba sa shafe su duka, ragewa kawai suke. Don haka in za ka gwada, tsaya kusa da janareton shagon, kar ka sa waƙa, kunna ANC ka kashe ka sake kunnawa. In ba ka ji bambanci ba, jabu ne ko mara ƙarfi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne zaman sa a kunne. Iyafis yana zuwa da roba ƙarama, matsakaiciya da babba, amma yawancinmu wadda ta zo a jiki ita ce shikenan, sauran a wurga su tare da kwalin. Gwada dukkansu, wani ma kunnensa na dama da na hagu ba girmansu ɗaya ba. In robar ba ta toshe ramin kunne ruf ba, ƙara za ta shiga ta gefe, kaurin sautin waƙar (bass) ma ya gudu. Babban hedfon haka: ka ɗora shi a kan hula, ko ƴar uwa ta ɗora a kan hijabi mai kauri, ko hannun gilashi ya ɗaga soson, an buɗe ƙofa kenan. Soson ya zauna a fata. In zufa ta cinye shi ya fara ɓarewa a canza, sannan lokacin hunturu a riƙa share ramukan makirufo da busasshen burushi mai laushi saboda ƙura.

Caji ma ANC na sha. Hedfon Soundcore Life Q30 na Anker, lokacin da ya fito a 2020 kamfanin ya ce cajinsa na yin awa 40 in an kunna ANC, awa 60 in an kashe shi, to in ɗaki shiru ne kashe shi.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne ƙure murya. Amfanin ANC ai shi ne ka ji da kyau ba sai ka ƙure ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce awa 40 a sati yana sauraro a kan desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), in ƙara ta haura haka lokacin raguwa yake sosai. Kuma don Allah kar a hau babur ko a tsallaka titi da ANC a kunne, iska ma tana dukan makirufon ta cika maka kunne da fuuu. In naka yana da yanayin da ke shigo da sautin waje ka koma can, in babu cire shi ka sa a aljihu sai ka isa.