Darasi na Bakwai: Man Birki da Man Giya

Mota mai gudu, irin ƴar ƙaramar nan mai ƙofa biyu da samari ke so, birkinta ya fi injinta buƙatar kulawa. Duk wanda ya taso daga Birnin Kebbi ya miƙi hanyar Jega zuwa Koko a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san yadda ƙafafun mota ke ɗaukar zafi.

Ajiye motar a wuri mai daidai, kashe inji, ɗaga bonet. Ta gefen direba, kusa da gilashin gaba, akwai ɗan farin tulun roba na man birki. A jikinsa an rubuta MIN a ƙasa, MAX a sama. Ka riƙe haruffan nan da kyau, don mai ya kamata ya tsaya tsakaninsu. Kafin ka buɗe murfi, goge shi da tsumma mai tsabta, musamman da hunturu, kada ƙura ta faɗa ciki.

Sabon man birki haske gare shi kamar tataccen man gyaɗa. In ya koma launin shayi mai kauri, ya gaji. Dalili kuwa, man birki yana shan laima daga iska a hankali. Wanda aka rubuta wa DOT 4, wato lambar da ke nuna irin man, yana sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230. In ya sha ruwa, a 155 ma sai ya tafasa. Da ya tafasa, tururi ya cika bututu, ka taka birki ƙafarka ta tafi ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Shi ya sa ake juye shi duk shekara 2.

Wani dattijo a ajinmu ya ce, "Malam, ai ni duk wata nake ƙara mai."

Na ce, "Baba, ƙari daban, canji daban. Kuma man da ke sauka kowane wata, akwai inda yake bi."

Ko dai yoyo ne, ko takalman birki sun cinye. Leƙa ta ramukan wili: in kaurin takalmi bai kai milimita 3 ba, ko kana jin ƙarar ƙarfe in ka taka, a canza shi. In sai an cire taya, kada ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, sai an tokare ta da abu mai ƙarfi.

Lambar DOT da ke kan murfin tulun ita za ka saya, kuma a rufaffen gwangwani. Raina yana ɓaci in na ga ana sayar da man birki a gorar ruwa bakin tasha. DOT 5 kuwa ba a haɗa shi da 3 ko 4. In DOT 3 ko 4 ya ɗiga a jikin mota, wanke da ruwa maza, yana cin fenti.

Man giyar otomatik yawanci ja ne. A yawancin motoci ana auna shi inji na aiki, ya ɗumama, giya na kan P. Zaro sandar awo, goge, mayar, sake zarowa, ka shafa a farar takarda ka sansana. In ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna, kai ta wurin makanike. Wasu sababbin motoci ba su da sandar ma.

Aikin gida: rubuta MIN, MAX da DOT 4 sau biyar-biyar, sannan ka kwafo lambar da ke kan murfin wata mota a unguwarku, ka zo da ita aji.