Jami'in hulɗa da jama'a ko mai tsara talla: wanne za ka ɗauka aiki?

Kafin ka fitar da sanarwar neman ma'aikaci, rubuta matsalarka a jimla ɗaya. Idan kaya na nan amma ciniki ba ya tafiya, ko ka fito da sabon abu kana so a san shi cikin 'yan makonni, mai tsara talla kake nema. Idan kuwa an san ku amma ba a yarda da ku ba, ko 'yan jarida na bugo waya babu mai amsawa, ko wani ƙorafi na yawo a kafafen sada zumunta, jami'in hulɗa da jama'a kake buƙata.

Tushen bambancin shi ne kuɗi da iko. Mai talla sayen fili yake yi: daƙiƙa 30 a rediyo, rabin shafi a jarida, ko gurbi a Facebook da Google. Tun da an biya, shi ke zaɓen kalma da hoto da lokacin fitarwa. Jami'in hulɗa da jama'a ba ya sayen komai. Shawo kan edita yake yi ya ga cewa abin da kuke yi labari ne, kuma editan na da damar ya gyara, ya rage, ko ya watsar. Wannan rashin ikon ne ke ba labarin daraja, domin mai karatu ya san ba ku kuka yabi kanku ba. Ban da jarida, jami'in ne ke shirya shugaba kafin hira, da rubuta jawabi, da sanar da ma'aikata abin da ake ciki kafin su ji a waje.

Ya kamata sanarwar neman ma'aikacin ta fito da wannan bambanci a fili. Ita kanta talla ba sana'a ɗaya ba ce: akwai marubucin kalmomin talla, akwai mai tsara hoto da bidiyo, akwai mai raba kasafi tsakanin kafafe, akwai mai kula da abokin ciniki. Faɗi wanda kake so. Sanarwar da ta ce ana neman wanda zai yi talla, ya yi zane, ya riƙe shafukan kamfani, kuma ya zama kakaki, ƙwararru ba sa kula ta, sai masu taɓa kowanne sama-sama.

Takardar shaida ba ta isa ba, gwaji ne ke rarrabewa. Ga mai neman aikin hulɗa da jama'a, ba shi bayanai a warwatse, ka ba shi minti 45 ya rubuta sanarwar manema labarai ta shafi ɗaya. Duba sakin layi na farko: ya faɗi wa, me, yaushe, ina da kuma dalili? Idan ya cika ta da "mafi inganci" da "babu kamarsa", talla ya rubuta, kuma edita ba zai buga ba. Tambaye shi wane ɗan jarida zai aika wa, me ya sa shi. Sannan ka kawo masa yanayin rikici: bidiyon wani abokin ciniki yana kuka da kayanku ya bazu, kuma ba a gama bincike ba. Amsa mai kyau ita ce ya tattara abin da aka tabbatar, ya fitar da gajeren bayani cewa kun ji kuma kuna bincike, ya tsayar da mutum ɗaya da zai yi magana, ya faɗi lokacin da za a ƙara bayani. Wanda ya ce a yi shiru har ƙura ta lafa, ko a musanta tukuna, zai jawo muku abin da ya fi bidiyon muni.

Ka kula ƙwarai da mai yi maka alkawarin shafin farko. Babu jami'in da ke da iko da teburin edita. Mai irin wannan alkawari ko dai bai san aikin ba, ko kuma biya zai yi a ɓoye, kuma ranar da abin ya tonu sunanku ne zai ɓaci. Tsohon ɗan jarida yakan iya rubutu ya kuma san mutane, amma sai ka gwada ko zai iya ba shugaba shawarar da ba ya son ji.

Mai talla kuma lissafi za ka fara ba shi. A ce mutum 100,000 sun ga talla a intanet, 1,000 sun latsa ta, 20 sun saya. Ya kamata nan take ya ce kashi 1 cikin 100 ne suka latsa, kashi 2 cikin 100 na masu latsawa suka saya, ya raba kuɗin da aka kashe gida 20 don gano abin da kowane mai saye ya ci muku. Tambaye shi inda zai fara gyara. Ƙwararre zai ce a gwada talla biyu a lokaci guda, a canza abu ɗaya kaɗai, hoto ko kanu, domin a san wanne ya kawo bambanci. A ayyukansa na baya, nemi ya ware abin da shi ya yi da hannunsa, tun da talla aikin gayya ce.

Ma'aunin da za ka auna su da shi ma ya bambanta, kuma gara a rubuta shi a takardar kama aiki. Talla kan nuna sakamako cikin makonni, ana duba ciniki da kuɗin da aka kashe. Hulɗa da jama'a watanni take ɗauka, ana duba wace kafa ta buga, ko saƙonku ya fito daidai, ko ra'ayin mutane ya sauya. Wasu na auna faɗin labarin da aka buga su ce da a ce talla ce, ga kuɗin da za a biya, su ɗauki wannan kuɗin a matsayin darajar aikin. Ƙa'idojin Barcelona na 2010, waɗanda masana auna wannan aiki suka amince da su, sun ce wannan lissafi ba ya nuna darajar aikin, don haka kada ka karɓe shi a rahoto.

Idan mutum ɗaya kawai kasafinka zai ɗauka, ɗauki wanda matsalarka ta nuna, ɗayan aikin ka ba kamfanin waje na ɗan lokaci. Mai talla zai iya zama ƙarƙashin sashen kasuwanci. Jami'in hulɗa da jama'a kuwa a ba shi damar ganin shugaba kai tsaye, a kuma riƙa sa shi a zaman yanke shawara tun kafin a zartar, domin shi za a fara kira idan shawarar ta jawo surutu.