Kurakuran da aka fi yi wajen tsara faifan Linux a ƙarƙashin z/VM

Wanda ya saba da uwar garke (server) mai zaman kanta, idan aka danƙa masa Linux a babbar kwamfutar IBM, yakan manta cewa gidan haya ya shiga: baƙi da yawa, inji ɗaya. z/VM shi ne tsarin da ke raba injin, kowane Linux da ke aiki a ƙarƙashinsa kuma baƙo ne. Daga nan yawancin ɓarnar take farawa.

Mafi muni ita ce ta faifan tarayya. Ajiye /usr, ma'ajiyar manhajojin Linux, wuri ɗaya kowa ya riƙa karantawa dabara ce mai kyau, muddin da LINK RR, wato izinin karatu kawai, aka haɗa shi. Sai wani ya ba baƙi biyu izinin rubutu da MW. Shi ext4, tsarin fayilolin da ke kan faifan, bai san yana da maƙwabci ba, kowane baƙo na riƙe da nasa lissafin a ƙwaƙwalwa, su yi ta taka rubutun juna har fsck, manhajar gyaran tsarin fayiloli, ya rasa ta inda zai kama. Ko da RR ɗin ne, kada a sabunta faifan alhali wasu na kansa. A yi sabon kwafi, a kwashe baƙin zuwa can ɗaya bayan ɗaya.

Sai lissafin fili. Faifan 3390 samfuri na 3 silinda 3339 gare shi, amma bayan dasdfmt, manhajar tsara faifai, ya yanka shi tubala masu bait 4096 kowanne, kusan gigabait 2.3 ne ke saura. Tsarin shimfiɗar faifai na CDL kuma kashi uku kawai yake yarda a raba faifai. Maganin shi ne LVM, mai haɗa faifai da yawa a sake raba su yadda ake so, a bar /boot, inda fayilolin tada Linux suke, a waje. Kuma duk wanda ya sauya kenal, wato zuciyar Linux, da hannu, to ya gudanar da zipl, mai shirya tada Linux, domin lambobin tubala yake haddacewa, ba sunan fayil ba.

A fstab, fayil mai jera faifan da Linux zai ɗora, kada a rubuta /dev/dasdb1. Ƙara faifai ɗaya na iya mayar da shi dasdc1. UUID, lambar shaidar tsarin fayiloli, ma ba ya tsare wanda ke kwafar faifai da DDR ko FLASHCOPY, tunda kwafi da asali lamba ɗaya suke ɗauka. Ni dai /dev/disk/by-path/ccw-0.0.0201-part1 na fi amincewa da shi, duk da tsawonsa.

Akwai kuma masu kyautar ƙwaƙwalwa. Duk abin da ka ba Linux zai cika shi da ajiyar fayiloli, z/VM kuma ya yi ta jidar shafukan zuwa faifai, kowa ya sha jinkiri. A rage wa baƙo ƙwaƙwalwa daidai aikinsa, a sa masa wurin musaya (swap) na farko a VDISK, wato faifan da z/VM ke ƙerawa a ƙwaƙwalwa, na biyu a faifan gaske. Ranar da ya fara taɓa na biyun, a ƙara masa ƙwaƙwalwa.