Yadda zaka fara zanen fenti ko baka shiga aji ba

Samari suna yawan ce min wai sai sun samu gurbi a ABU kafin su zama masu zane. Toh ni dai bango ne malamina. Ai su kansu ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, abinda suka dage a kai kenan, kowa ya waiwayi zanen gidansu.

Saboda haka kafin ka sayi ko buroshi ɗaya, taka da ƙafa ka shiga cikin birni. Tsaya gaban ƙofar fadar Sarkin Zazzau ka ƙura wa dagi ido, ka bi layin nan inda ya hau kan ɗan'uwansa da inda ya nutse ƙarƙashi, don a nan sabon hannu yake kwafsawa, sai kaga dagi ya koma kamar taliya. Kwafe shi da fensir a takarda, sau ashirin ma ba yawa bane, sannan ka koma kan kwali ko guntun katakon da kafinta ya yar.

Fenti kala biyar sun isheka: ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, fari, baƙi. Shuɗi da ɗorawa su baka kore, ja da ɗorawa ruwan goro. Baƙi kuwa da tsinke ake ɗiga shi, in ka zuba da yawa kalar ta mutu. Gwangwanin madara ya isa wajen haɗi. Fentin ruwa na bango ne, na mai kuma na ƙarfe da allon shago, kuma in ka gama da na mai wanke buroshin da kananzir nan take, in ya kwana ya zama sanda.

Kar ka taɓa fara shafa fenti baka fitar da zanen da alli ko gawayi ba, kuma sabuwar filasta a bari ta bushe sosai tukuna, in ba haka ba fentin ɓarewa zai yi. Hunturu ma abin tsoro ne wlh, na taɓa yi wa wani mai shayi a Tudun Wada allo da fentin mai da rana tsaka, iska ta taso, kafin la'asar ƙura ta manne masa kamar an barbaɗa yaji, sai da na kankare na sake da kuɗina. Tun ranar da sassafe nake aiki, ko a cikin zaure.

Ka koyi rubutu mai kyau, boko da ajami, shi ke kawo kuɗin cefane, zanen fure da dawisu daga baya ne. Mai aiki ya rubuta maka sunan shagonsa da hannunsa. Ka tambaye shi kuma ko yana son hoton mai rai, da yawa basa so. In kun daidaita karɓi kafin alƙalami, aƙalla kuɗin fenti.