Yadda ake wanke dogon fim na kyamara a gida, ko da ya kai mita 10 ko 30

Assalamu alaikum 'yan uwa masu hoto, musamman waɗanda har yau ba su jefar da kyamarar fim ba. Wagga magana ta wanda ya ɗan san wankin fim mai hoto 36 ce ko da sama-sama, sai kuma ga shi da nadin da ya fi ƙarfin ril ɗinsa, ya tura ya tura a cikin duhu fim ya ƙi ƙarewa, ril ya cika ga sauran na reto a ƙasa.

Fim 35mm mai hoto 36 tsawonsa wajen mita 1.6 ne, kuma daidai wanga tsawon anka ƙera ril ɗin da ake naɗa fim a kai cikin tankin wanki na Paterson da ire-irensa, abin da zai ƙaru a kai kaɗan ne. Shi kuwa gwangwanin fim da ake saidawa a dunƙule ƙafa 100 ne, wato mita 30 da rabi, kusan nadi 18 ke nan. Akwai kuma bayan kyamara na musamman da Nikon sunka yi wa F da F2 da F3, yana cin mita 10 ya ba ka hoto 250 ba ka buɗe kyamara ba, kamfanin Ilford ma sun taɓa yin fim HP5 mai hoto 72 a kan siririyar roba, ga kuma fim 16mm na kyamarar sinima da shi ma yake zuwa ƙafa 100. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ranar babban su na Argungu ya san amfanin dogon nadi, da an ba da alama masunta sunka zuba cikin ruwa da goruna da homa to cikin kusan awa ɗaya komai ya ƙare, wanda ya sunkuya yana canza fim an kama giwan ruwa an fito da shi bai gani ba. Haka hawan sallah, haka Uhola a Zuru.

Amma kada a rikita, ƙananan kyamarorin nan masu raba hoto biyu irin Olympus Pen ko Pentax 17 da ke ba da hoto 72, fim ɗinsu bai ƙara tsawo ba ko kaɗan, wanke shi yadda ka saba.

Ni dai ra'ayina, ga mafi yawanmu a nan Kebbi yankawa ta fi. Na san mutane ba su son jin haka don duk inda almakashi ya faɗa cikin duhu hoto ɗaya ya tafi, amma hoto ɗaya a cikin 39 ai da sauƙi a kan ka ƙuje nadin gaba ɗaya, kuma akwai dabarar da ko ɗayan ma ba za ka rasa ba in ka shirya tun wurin ɗauka. Ga yadda take. Duk hoto ɗaya yana cin huji 8 na gefen fim, milimita 38 daidai, ba ya canzawa. To in ka ɗauki hoto 36 sai ka rufe lens da marfinsa ka danna sau 3 a banza, ka ci gaba da wasu 36, ka sake danna 3 a banza, haka har ƙarshe. 36 da 3 sun zama 39, ka ninka da milimita 38 ya ba ka santimita 148. In ka gama aiki ka danna ɗaya a banza ka ja fim, sai ka shiga duhu ka buɗe bayan kyamara ka yanke fim daidai tsakiyar tagar nan da haske ke shiga. Daga wanga bakin duk santimita 148 da ka auna baya, almakashinka zai faɗa tsakiyar wurin da ba hoto, kuma kana da sararin kusan santimita 11 ko da hannu ya ɗan kauce. In rukunin ƙarshe bai cika 36 ba, a ce 20 ne, ƙara masa 3 ka ninka da 38, guntun farko santimita 87 ke nan, sauran kuma 148. Shi ya sa rubuta lambar kanta a takarda ke da amfani, kada ka ce za ka riƙe a ka.

Abin awon ba wani abu ba ne, katako mai santsi ka kafa ƙusa biyu a gefensa tsakaninsu santimita 148, ƙusoshin na laluba ne kawai da yatsa, kada fim ya goge su. Ka riƙe fim ta gefe da gefe, fuskar da ke da magani tana kallon sama.

Sai duhu. Ba jan ƙwai, ba hasken waya, ba ɗan koren hasken soket ko na inbata, fim ɗin yanzu duk kalar haske yana gani. Jakar canza fim ta yi ƙanƙanta ga mita 10, ɗaki za ka nema, da dare, ka toshe taga da ƙasan ƙofa da bargo ka zauna minti 10 a ciki, in ka fara ganin inuwar hannunka to da saura. A nan akwai abu biyu da yanayinmu ke jawowa. Lokacin bazara, Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40, zufa ce matsalar, ɗigo ɗaya in ya taɓa ril ɗin roba fim ya maƙale ke nan ba gaba ba baya, don haka ril ya bushe ƙarau, hannu ya bushe, ka aje tawul a kafaɗa. Lokacin hunturu kuma iska ta bushe ƙwarai, in ka fizgi fim da sauri daga nadinsa zai yi tartsatsin wuta ɗan ƙarami da wani lokaci har da ido kake ganinsa cikin duhun, bayan wanki sai ka ga zane kamar rassan icce a kan hoto kuma ba ya gyaruwa. A hankali ake warwarewa. Kowane guntu ka ɗan zagaye kusurwoyin bakinsa da almakashi kafin ka sa a ril, wanda bai samu ril ba ka naɗe shi ka sa a baƙin gwangwaninsa ka rufe da salatif kafin a kunna wuta.

Mita 10 zai ba ka guntu 7. Tankin Paterson akwai mai ril 2, mai 3, mai 5 har mai 8, kowane ril na 35mm yana shan mil 290. In mai 2 gare ka zagaye huɗu za ka yi, ba laifi, amma zafin ruwa da lokaci da yadda kake juyawa su zama iri ɗaya a duk zagayen, in ba haka ba hotunan biki ɗaya wasu su fito da duhu wasu fayau.

To in ka ce kai sam ba ka yankawa, misali fim ɗin sinima ne ko wani tsohon nadi da ba ka san inda hotuna sunka faɗa ba, akwai tankin Lomo na zamanin Tarayyar Sobiyet mai faffaɗan ril da ke cin mita 15, akwai kuma Morse G-3 na Amurka da ake juya fim daga wanga ril zuwa wancan cikin magani, yana cin ƙafa 100 amma yana cin lokaci da hannu. Duk na hannu ake samunsu a intanet kuma kuɗin kawowa na iya fin kuɗin kayan. Abin da ya fi kusa da mu shi ne dabarar masu sinima na farko, a samu mai aikin famfo ya haɗa maka firam mai kusurwa huɗu da siririn bututun roba daidai faɗin bahon da za ka yi aiki da shi, a jera 'yan ƙusoshin roba sama da ƙasa don kada zagaye ya hau kan zagaye, sai ka naɗa fim a kai fuskar magani tana waje. Bakin farko da na ƙarshe ka ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, don fim in ya jiƙe yana ɗan ƙara tsawo ya saki, robar ce za ta ja shi. Baho huɗu za ka jera, na dibelofa mai fito da hoto, na ruwan tsayarwa, na fiksa mai zaunar da hoto, da na ɗauraya, ka haddace jerinsu, kuma tun daga farko har fiksa ta kama duk a cikin duhu kake, agogonka sai dai wani ya tsaya bayan ƙofa yana faɗa maka minti. Shi kuwa cusa fim a bokiti kamar taliya da wasu ke yi, yana fitowa, amma da ƙujewa da tabo inda fim ya manne da ɗan uwansa, masu son hoto ya yi kamar tsoho su ke yinsa da gangan. Kada ka yi shi da hoton auren mutane don Allah.

Yanzu lissafin magani, a nan ne da yawa ke faɗuwa. Ba wai ruwa ya rufe fim kawai ba, dibelofa ƙarfi gare ta kuma yana ƙarewa daidai yawan fim ɗin da ta ci. Kodak sun ce litar dibelofarsu D-76 da ba a sirka ba nadi 4 na 36 take wankewa, ke nan mita 10 na son aƙalla lita ɗaya da rabi, mita 30 kuma lita huɗu da rabi, ko da tankinka zai rufe fim da abin da bai kai haka ba. In ka ƙware ta sai hoto ya fito ba ƙarfi, fari bai yi fari ba baƙi bai yi baƙi ba, ka zargi kyamara alhali ba ruwanta. Yawan da zai rufe ril ko firam kuwa da ruwa zalla za ka gwada tun da rana, ya haura fim da kamar faɗin yatsa.

Zafin da anka rubuta wa fim baƙi da fari digiri 20 ne, mu kuwa ruwan tankin saman rufi da azahar a Birnin Kebbi ko wanka ba ya yiwuwa da shi. Ɗebo na randa, ka saye ƙanƙara ka sa a baho, ka tsoma jarkokin maganin duka a ciki har ma'aunin zafi ya sauko, ƙanƙarar a waje ba a cikin magani ba. In 20 ta gagara tsaya a 24, kowane digiri ɗaya da ya ƙaru ka rage kusan kashi 10 cikin 100 na lokacin. Fim HP5 Plus a ID-11, dibelofar Ilford irin D-76, da ba a sirka ba minti 7 da rabi ne a digiri 20, in an sirka rabi magani rabi ruwa minti 13, wanda a digiri 24 zai dawo wajen minti 9. Ni wanga sirkin na fi so da zafi, don duk wankin da ya gaza minti 5 ba ya fita daidai, balle babban tanki da zuba ruwan kaɗai ke cin daƙiƙa masu yawa. Juyawa kuma sau 4 a daƙiƙa 10 na farko, ka buga gindin tanki a tebur kumfa ta tashi, ka maimaita duk minti. Lomo ba a kifa shi, ril ɗin ake juyawa a hankali, firam kuma ɗagawa ake ana mayarwa.

Daga nan ruwan tsayarwa, ko ruwa zalla sau biyu. Sai fiksa, kashi 1 magani kashi 4 ruwa in mai sauri ce. Kada ka yi ta ka, ɗauki ɗan guntun bakin fim ɗin da ka yanke ka jefa a kofin fiksa a cikin haske ka duba minti nawa ya yi kafin ya zama garau, to ninki biyu na wanga lokacin za ka ba fim ɗinka. In lokacin ya ninka na ranar da ka haɗa ta sabuwa, ta gaji, dogon nadi na saurin gajiyar da ita. Ɗauraya kuma ba sai famfo na zuba ba, cika tanki ka kifa sau 5 ka zubar, sake cikawa sau 10, sannan sau 20. Amma ruwan ɗaurayar ma ya zama zafinsa ɗaya da na maganin, in ka fito da fim daga 20 ka watsa masa ruwan bohol mai ɗumi fuskar na iya tsattsagewa ko ta yi laushi har farce ya kwashe ta.

Mai kala fa, abin mamaki ya fi dacewa da garinmu, wankinsa da ake kira C-41 digiri 38 yake so na minti 3 da daƙiƙa 15, da bazara ɗan ɗumi kaɗan za ka ƙara. Sai dai in gwangwanin Kodak Vision3 na sinima ne, duba bayansa, in baƙi ne wuluk to akwai wani shafe da sai an fara jiƙa shi da ruwan ɗumi mai bekin soda, babban cokali ɗaya a lita, a girgiza a zubar har ruwa ya daina fita baƙi, sauran a goge da yatsa a hankali bayan fiksa. Irin wanga kada ka kai shi injin masu wanki a kasuwa, zai ɓata masu magani da fim ɗin wasu.

Shanya ita ce ta ƙarshe kuma hunturu ba ya yafiya a nan. Ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa, irin wanda ake zuba wa batirin inbata, ka tabbata ruwan ne ba asid ba, da ɗigon Photo-Flo, maganin hana tabon ruwa, kashi 1 cikin 200. Tunda yanzu kana ganin hotuna da idonka, wanda ya wanke nasa a dunƙule ya yanka shi tsakanin hoto da hoto daidai tsawon da zai rataya, in kuma na sinima ne da ba a yankawa sai a ja igiyoyi a ɗora shi lanƙwasa-lanƙwasa bayansa ne ke taɓa igiya. Banɗaki ya fi, yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, rufe taga, kashe fanka, maƙala fegi biyu a ƙasan kowane guntu don kada ya nannaɗe, ka ja ƙofa ka hana kowa shiga na awa biyu zuwa uku.

Jarkokin nan kuma a rubuta masu suna a ɗaga su inda yara ba su kaiwa, fiksa fara ce tas kamar ruwan sha. Kofi da baho da mazurarin da sunka taɓa magani sun bar kicin har abada, sa safar hannu don D-76 na sa wasu ƙaiƙayi, kuma tsohuwar fiksa akwai azurfa a cikinta, tara ta a jarka daban, kada a zuba ta kusa da rijiya ko inda dabbobi ke shan ruwa.